Yadda Cinikin Apple da AT&T Ya Buɗe wa Android Kasuwa

Duk mai saye ko sayar da waya tokunbo, ko a Computer Village ta Ikeja ne ko a kan teburan bakin titi, ya san tambayar farko da ake yi: a buɗe take ko a kulle? Za ka ga iPhone biyu iri ɗaya, ba tsaga ba ƙwarzane, amma kuɗinsu ya sha bamban, don ɗaya tana karɓar kowane sim, ɗayar kuwa ka sa mata MTN ta ƙi, ka sa Glo ta ƙi. Wasunmu na ɗauka lalacewa ce. Lafiyarta ƙalau, da gangan aka kulle ta tun daga ƙasar da aka fara sayar da ita. Wannan ɗabi'a ta ɗaure waya a kan layi ɗaya ta taka rawa babba wajen samar da halin da muke ciki yau, inda kusan duk wayar zamani da ke hannun jama'a ko dai iPhone ce ko Android. Shekara ashirin da suka wuce ba haka kasuwar take ba. Akwai Symbian ta Nokia, akwai BlackBerry, akwai Palm, akwai Windows Mobile ta Microsoft, kowace da mutanenta.

Lokacin da wuƙa da nama ke hannun masu layi

Kafin 2007, Ba'amurke ba ya zuwa kasuwa ya sayi waya sannan ya nemi sim, kamar yadda muke yi a nan. Shagon kamfanin layi yake zuwa. Manyan kamfanonin huɗu ne: Verizon, Cingular, Sprint da T-Mobile. Za a ba shi waya da araha, wani lokaci ma kyauta, shi kuma ya sa hannu a kwantiragin shekara biyu, yana biyan kuɗin layi duk wata. Kamfanin layin ne ke biyan maƙerin wayar cikon kuɗinta, sannan ya fanshe a hankali daga kuɗin watan. Don kada mutum ya karɓi waya da araha ya gudu wani layin, sai a kulle ta. In kuma ya ce zai fita kafin wa'adi, akwai tara, wadda a wancan lokaci ta kai Dala 175.

Ke nan kamfanoni irin su Motorola da Nokia da Samsung, ainihin masu sayen kayansu a Amurka waɗannan huɗun ne. Su ke cewa a sa kaza, a cire kaza, a manna tambarinmu a goshin waya. Wayar da suka ƙi sawa a shagonsu ta mutu tun ba a haife ta ba. Ga kuma wata katanga: Cingular da T-Mobile suna kan tsarin GSM mai sim, Verizon da Sprint kuwa suna kan CDMA, inda ake ɗora lambar a jikin wayar kanta. Waɗanda suka riƙe wayar Starcomms ko Multi-Links sun san irinta, ba ka da ikon ɗauke ta zuwa wani layin.

Apple ya ɗanɗani wannan tsari a 2005, lokacin da ya haɗa hannu da Motorola da Cingular aka fito da wata waya mai suna ROKR, mai ɗaukar waƙoƙin iTunes. An taƙaita ta ga waƙa 100 kacal, ga jinkiri wajen loda su, ba ta yi kasuwa ba. Darasin da Steve Jobs, shugaban Apple, ya ɗauka shi ne, in zai yi waya, ba wanda zai sa masa baki a ƙirarta.

Cinikin 2007

An ruwaito cewa Verizon aka fara tuntuɓa, ya ga sharuɗɗan Apple sun yi tsauri, ya ce a kai kasuwa. Cingular ya amsa. Ranar 9 ga Janairun 2007, da Jobs ya nuna wa duniya iPhone a birnin San Francisco, shugaban Cingular, Stan Sigman, ya hau dandamali ya faɗa da bakinsa cewa sun ƙulla yarjejeniyar ba tare da sun ga wayar ba. A shekarar ce aka sauya wa Cingular suna zuwa AT&T.

Abin da Apple ya samu bai taɓa shiga hannun wani maƙerin waya ba. Babu tambarin AT&T a jikin wayar. Apple ne ke da iko da duk manhajar da ke ciki, shi ke turo sabuntawa kai tsaye. Mai saye zai iya kunna layinsa a gida ta kwamfuta. AT&T ya gyara na'urorinsa don wayar ta riƙa jera saƙonnin murya a kan allo, ka zaɓi wanda za ka saurara. Kan duk wannan, Apple yana da kaso a cikin kuɗin watan da mai iPhone ke biya. Shi kuwa AT&T abu ɗaya ya karɓa: duk faɗin Amurka, ba inda za a yi amfani da iPhone sai a layinsa. Jaridu sun ce shekara biyar aka rubuta, daga baya takardun kotu suka tabbatar da hakan.

Dattawanmu da suka yi harkar goro ko shanu za su gane wannan ciniki ba sai an yi dogon bayani ba. Falke ne ya zo da kayan da ba a taɓa gani ba, ya sauka wurin mai gida ɗaya, aka yi alkawari ta hannunsa kaɗai za a sayar. Mai gidan ya ji daɗi, masu saye sun cika masa zaure. Amma sauran masu gidajen da ke layin ba za su naɗe hannu ba, dole su nemo wani falken da za su ɗaure wa gindi.

Wayar ta fito ranar 29 ga Yunin 2007, a kan Dala 499 da Dala 599, ga kwantiragin shekara biyu a kai. Ba a yi wata biyu ba, wani yaro ɗan shekara 17 a jihar New Jersey, George Hotz, ya kwance tasa, ya yi mata 'yan dabaru da ƙarfen walda, ta karɓi sim ɗin T-Mobile. A Satumba Apple ya turo sabuntawar da ta daskarar da wasu daga cikin wayoyin da aka buɗe. Daga nan aka shiga wasan ɓuya tsakanin kamfanin da masu buɗe waya, wasan da har yau masu gyaran waya ke cin abinci da shi.

A Turai ma haka Apple ya yi a Nuwamban 2007: O2 a Ingila, T-Mobile a Jamus, Orange a Faransa. Sai dai can abin bai tafi sumul ba. A Jamus, Vodafone ya kai ƙara, har T-Mobile ya ɗan sayar da buɗaɗɗiyar iPhone a kan Yuro 999 kafin kotu ta janye umarninta. A Faransa, kamfanin Bouygues ya kai kuka, hukumar kula da gasar kasuwanci ta dakatar da keɓancewar Orange a Disamban 2008. A Ingila, ta O2 ta ƙare a ƙarshen 2009. A Amurka ne ta daɗe.

A Yulin 2008 aka sake lale. Da iPhone 3G ta fito, Apple ya haƙura da kason wata, AT&T ya koma tsohon tsarin biyan cikon kuɗi, wayar ta sauko zuwa Dala 199. A watan ne kuma aka buɗe App Store da manhajoji kusan 500, bisa sharaɗin mai manhaja ya ɗauki kashi 70 cikin 100 na ciniki, Apple ya ɗauki 30. Kafin ƙarshen 2009 manhajojin sun haura 100,000. Daga nan mutane suka fara barin layinsu na shekara da shekaru, suna komawa AT&T saboda waya.

Verizon ya shiga neman makami

Bayan ya sayi kamfanin Alltel a farkon 2009, Verizon ne ya fi kowa yawan masu layi a Amurka, kuma sabis ɗinsa ya fi faɗi. Amma abin da jama'a ke tambaya babu shi a shagonsa. Ya fara gwadawa da BlackBerry. A Nuwamban 2008 aka fito da Storm, wayar BlackBerry ta farko marar madannai, wadda allonta gaba ɗaya ke dannuwa kamar maɓalli. An yi ta cikin gaggawa, manhajarta na sarƙewa, da yawa aka dawo da su. Sprint shi ma ya riƙe Palm Pre shi kaɗai a Yunin 2009. Masana sun yaba wa manhajarta, amma Sprint na fama da guduwar jama'a a lokacin, wayar ba ta kai ko'ina ba. HP ya sayi Palm a 2010 kan Dala biliyan 1.2, ya daina ƙera wayoyin a 2011.

Duk wannan lokaci Google na gefe da tasa hajar. Tun 2005 ya sayi wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Android, na Andy Rubin da abokansa. A Nuwamban 2007 ya sanar da ƙawancen kamfanoni 34, ya ce ga manhajar tuƙa waya kyauta, kowa ya ɗauka ya ƙera tasa. Google ba ya neman riba daga jikin waya, tallace-tallacen da ke biyo bayan bincike ne abincinsa, don haka burinsa manhajar ta shiga hannu da yawa. Wayar Android ta farko, G1 ta kamfanin HTC, ta fito a Oktoban 2008 a layin T-Mobile, mafi ƙanƙanta cikin huɗun. Ta yi ɗan ciniki, amma ba ta girgiza kowa ba.

Faɗuwa ta zo daidai da zama a 2009. Verizon na neman wayar da zai kara da iPhone, Google na neman babban shago, Motorola kuwa ya kusa durƙushewa tun bayan da yayin wayarsa RAZR ya wuce. Su ukun suka haɗa kai, aka fito da Droid ranar 6 ga Nuwamban 2009, a kan Dala 199. Sunan ma sai da Verizon ya biya kamfanin Lucasfilm, masu finafinan Star Wars, kafin ya yi amfani da shi. Wayar na da madannai na gaske, ana cire batirinta, tana tafiyar da manhaja fiye da ɗaya a lokaci guda, ga taswirar Google mai yi wa direba jagora da murya kyauta. Verizon ya zuba kuɗin talla da aka ƙiyasta sun kai Dala miliyan 100, tallan kuma ba komai yake yi ba sai lissafa abubuwan da iPhone ba ta iyawa.

A lokaci guda keɓancewar ta fara yi wa AT&T nauyi. Masu iPhone suna shan data fiye da yadda aka yi tsammani, kuma dukkansu a kan turakun kamfani ɗaya suke. A New York da San Francisco kira ya riƙa yankewa. A Disamban 2009 shugaban sashen wayoyin AT&T, Ralph de la Vega, ya ce kashi 3 cikin 100 na masu wayar zamani ne ke cinye kashi 40 na datar. Verizon ya fito da tallan taswira biyu, tasa ja ta rufe ƙasar, ta AT&T shuɗiya tsilli-tsilli. AT&T ya kai ƙara a Nuwamba, ya janye a Disamba. A Yunin 2010 ya daina sayar wa sababbin masu layi data marar iyaka.

Sakamako bai jima ba. Kamfanin ƙididdiga na NPD ya ce a wata uku na farkon 2010, wayoyin Android sun ɗauki kashi 28 cikin 100 na cinikin wayar zamani a Amurka, iPhone kashi 21, BlackBerry na gaba da 36. A wata uku na ƙarshen shekarar, kamfanin Canalys ya ce Android ta wuce Symbian ta Nokia a duniya baki ɗaya. Irin haka ta faru a Koriya ta Kudu: KT ya kawo iPhone a Nuwamban 2009, babban abokin hamayyarsa SK Telecom ya rungumi Galaxy S ta Samsung a Yunin 2010.

Verizon ya fara sayar da iPhone ranar 10 ga Fabrairun 2011, kafin shekara biyar ɗin ta cika. Sprint ya samu a Oktoban shekarar, T-Mobile sai a Afrilun 2013. Apple bai yi asara a cinikin ba, don ya ƙwace iko daga hannun masu layi, kuma har yau shi ke kwashe mafi yawan ribar sayar da waya. Ba kuma za a ce keɓancewar kaɗai ta ɗaga Android ba, kasancewarta kyauta da yawan maƙeranta sun taimaka ƙwarai. Amma cikin shekara uku da rabin nan, masu layin da aka rufe wa ƙofa sun kashe kuɗinsu da shagunansu wajen rainon kishiyar iPhone, a daidai lokacin da take buƙatar mai goya ta.

Waɗanda suka zo bayan an tashi kasuwa

Wasu sun ga abin da Apple ya yi, suka ce su ma za su gwada. Nokia, bayan ya jingine Symbian ya koma manhajar Microsoft a Fabrairun 2011, ya ba AT&T Lumia 900 shi kaɗai a Afrilun 2012. HTC da Facebook sun fito da wayar First a 2013, ita ma a AT&T kaɗai, cikin 'yan makonni farashinta ya faɗo daga Dala 99 zuwa ƙasa da Dala ɗaya. Amazon ya kawo Fire Phone a Yulin 2014, a AT&T kaɗai, a Satumba ita ma ta koma ƙasa da Dala ɗaya a kan kwantiragi, kamfanin ya rubuta asarar Dala miliyan 170. Microsoft da ya sayi sashen wayoyin Nokia a 2014, ya rubuta asarar Dala biliyan 7.6 a shekara mai zuwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai rubuta manhaja inda jama'a suke yake zuwa, jama'a kuma inda manhajoji suke suke zuwa. A 2007 babu wayar da ke yin abin da iPhone ke yi, shi ya sa mutum zai sauya layi dominta. A 2012 kuwa, sabuwar waya mai ƙarancin manhajoji, sannan a ce sai a shagon kamfani ɗaya za a same ta, ta rage wa kanta masu saye ne tun daga ranar farko.

Yadda abin ya iso mana

A Nijeriya irin wannan kwantiragi bai samu gindin zama ba. Tun da aka yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001, kowane a kan Dala miliyan 285, MTN da Econet suka fara aiki a Agustan shekarar, kati muke saye mu loda. Yawancinmu ba ma biyan kuɗin wata, don haka ba kasafai kamfanin layi ke ba ka waya bashi ya ɗaure ka da ita ba. Ga tsadar kiran wani layin, ga sabis mai zuwa da ɗaukewa, sai mutum ya riƙe sim biyu ko uku. Glo da ya shigo a 2003 ya jawo jama'a ne da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, waya ba ta cikin maganar. Abin da ya ɗan yi kama da ɗauri shi ne zamanin BlackBerry, lokacin da sai ka biya kuɗin BIS na wata, kuma ba ka hira a BBM sai da mai irin wayarka. Da WhatsApp ta zo tana aiki a kowace waya, wannan igiyar ta tsinke. Daga Afrilun 2013 kuma doka ta ba mutum damar sauya kamfani da lambarsa.

A irin wannan kasuwa, wanda ya ci riba shi ne wanda ya buɗe waya. Transsion, kamfanin Chaina mai Tecno da Itel da Infinix, ya shigo da waya mai sim biyu da batir mai daɗewa, daga baya ya ɗora wayoyinsa na zamani a kan Android. A 2017 ya wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Da Android ba ta yi ƙarfi a shekarun 2009 da 2010 ba, har masu manhaja suka raja'a a kanta, da wuya a ce wayar Naira dubbai kaɗan ta riƙa ɗaukar manhajojin da mai iPhone ke amfani da su. Ta wannan fuskar, rigimar Verizon da AT&T ta amfani ɗan kasuwar Mile 12 da bai taɓa jin sunansu ba.

Ragowar rigimar kuwa ita ce wayoyin da ke zuwa mana a kulle. Dokoki sun sassauta: a Agustan 2014 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta halatta buɗe waya a Amurka, Ingila ta hana sayar da kullalliyar waya daga Disamban 2021. Amma a Amurka yawancin mutane har yanzu biyan kaɗan-kaɗan suke sayen waya ta hannun kamfanin layi, kuma galibi kamfani ba ya buɗe wayar da ake bin ta bashi. Irin su ne ake sa wa ɗan siririn cip a ƙarƙashin sim, ta yi aiki yau, gobe a sabunta manhaja ta tsaya.

Kulle ya koma cikin waya

Yanzu manyan yarjejeniyoyin keɓancewa a cikin wayar ake ƙulla su. A Yulin 2018 Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro biliyan 4.34, saboda tilasta wa maƙeran Android sa manhajar bincikensa da Chrome kafin ya ba su Play Store. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, an bayyana cewa a 2022 kaɗai ya biya Apple kimanin Dala biliyan 20 don ya zama shi ne injin bincike na farko a iPhone, kuma a Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa Google ya karya dokar hana babakere. Mai riƙe da ƙofar da jama'a ke shiga, a da mai layi ne, yau mai manhaja ne, kuma su biyu ne kacal.

Ga ɗan'uwa mai shirin sayen tokunbo, kulle iri biyu ne, kada a haɗa su. Na layi, kamfanin da ya sayar da wayar ne kaɗai ke cire shi har abada. A iPhone ana shiga Settings, General, About, a duba gaban Carrier Lock, in an ga No SIM restrictions to a buɗe take. Na biyu shi ne kullen iCloud da Apple ya kawo a 2013 don maganin ɓarayi. Wannan sai mai asusun, kuma wayar da ke ɗauke da asusun wani tana iya zama ta sata, ta jawo maka 'yan sanda ban da asarar kuɗi. A kuma tuna, tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka ba su da ramin sim ko kaɗan, eSIM kawai suke ɗauka. Kafin kuɗi su bar hannunka, ka sa naka layin ka yi kira, ka sa mai shago ya goge wayar ya sake kunna ta a gabanka, ka danna *#06# ka ga lambar IMEI, sannan a rubuta maka ita a kan rasit.